Cajar Rana a Kan Rufin Kwano

Cikin shekarun da na yi ina aikin sito, akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita daga raina ba, ranar da wayar Hajiya Asabe ta ɗauke tana tsakiyar gaya mini inda take. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga abin da na gani a aiki, ku da kuka shigo kwanan nan, to wannan zan ba ku.

A bazarar 2009 ne. Lokacin ina aiki da wani shiri na kula da mata masu juna biyu a karkara, ofishinmu yana cikin garin Azare. Shirin yana da ƙananan asibitoci goma sha biyu a ƙauyuka, wasu ta wajen Shira, wasu ta wajen Giade, kowanne da unguwarzoma ɗaya da aka horar. Ni ce jami'ar sito. Duk kayan da ya shigo ofis ni zan duba shi, in sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, sannan ya fita zuwa ƙauye. A samana akwai manajan shiri, Alhaji Modu. Iyayensa daga Borno suka zo, amma a Azare ya tashi. Mutum ne marar yawan magana, kuma idan ya yi shiru ya fi ba mu tsoro a kan idan ya yi faɗa.

Kowace unguwarzoma an ba ta wayar hannu. Tsarin shi ne, idan haihuwa ta zo da gardama, ta kira lambar gaggawa ta ofis, mu kuma mu tura mota da nas a ɗauko matar zuwa babban asibiti. Matsalar ita ce caji. Babu wuta a ko ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Sai dai a ba wani mai zuwa kasuwa ya kai wa mai janareta, wayar ta yini a can, wani lokaci ta kwana. Duk tsawon lokacin unguwarzoma ba ta da hanyar kiranmu.

Wata rana na ga wani abu a shagon Oga Chidi, wani mai sayar da kayan waya da gyaransu a bakin kasuwa. Girmansa bai wuce sandar sabulu ba, fuskarsa baƙin gilashi. Ya ce a rana ake ajiye shi ya tara wuta a cikinsa, sannan a jona waya ta sha. Irin abin da yanzu kuke sawa a jaka kuna yawo da shi ne, sai dai wancan daga rana yake cika. Cajar rana muke ce masa. Ni na rubuta takarda na ba da shawarar a saya. Alhaji Modu ya amince. Ni na karɓi guda goma sha biyu na sa hannu, ni kuma na tara unguwarzomomin a ofis cikin watan Janairu na nuna musu yadda ake amfani da ita.

Wata uku muna jin daɗi. Har yabo na samu a taron ma'aikata. Da zafi ya fara tsanani sai ƙorafi ya soma zuwa. Wannan ta ce wayarta ba ta riƙe caji kamar da. Wata ta aiko cewa murfin bayan tata ya ƙi rufuwa. Na rubuta a takarda na ce zan duba idan na samu sarari. Ban duba ba.

Wayar gaggawa karɓa-karɓa muke yi da ita a ofis, kuma ranar Larabar nan a hannuna take. Wajen ƙarfe goma na safe ta yi ƙara. Hajiya Asabe ce, unguwarzomar wani ƙauye da zan kira Tudun Marke, ta hanyar Shira. Dattijuwa ce, ta haura shekara hamsin, ba ta taɓa kiranmu a kan abin da za ta iya da kanta ba.

"Malama Rakiya, ku turo mota yanzu-yanzu. Ta haihu, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma yana zuba."

"To Hajiya. Kina asibiti?"

"A'a, ba na asibiti. A babur aka zo aka ɗauke ni. Muna nan rugar..."

Shiru. Na ce, "Hajiya? Hajiya!" Na duba wayar, kiran ya katse. Na kira, aka ce a kashe take. Na sake, na sake, har sau nawa ban sani ba.

Na fita da gudu na kira direbanmu Malam Buba da nas ɗin da ke bakin aiki. Ka'ida ba ta ce in bi motar ba, amma ni na fi kowa sanin yankin saboda rabon kaya, don haka na shiga gaba da wayar gaggawa a hannuna. Tun daga Azare har muka sauka daga kwalta ina danna lambar Hajiya Asabe.

Mun isa Tudun Marke muka tarar da asibitin a kulle. Cajar rana tana kan rufin kwanon baranda, igiyarta tana lilo. Na gan ta, amma hankalina ba ya wajenta. Rugage uku ne a kewayen ƙauyen, kuma kowace ta nata ɓangaren. Wata mata a bakin rijiya ta ce ta ga babur ya yi gabas. Wani tsoho a gindin bishiya ya ce a'a, arewa ya nufa. Muka bi maganar matar. Muka yi ta tafiya cikin yashi, motar tana nishi, har muka isa rugar farko. Malam Buba ya sauka ya yi musu magana da Fulatanci. Suka ce babu mai naƙuda a wajensu.

Da ya dawo sai ya juya kan motar kawai. Nas ɗin ta leƙo daga baya ta ce, "Malama, mace mai zubar jini irin wannan ba ta da awa biyu." Na ce na sani. Ban san lokacin da na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina ba.

A hanyar komawa muka haɗu da wasu makiyaya. Malam Buba ya tsaya ya tambaye su, ɗaya ya nuna da sandarsa, ya ce matar Ja'e ce take haihuwa tun asuba, a rugar da ke bayan rafi. Kafin mu isa, mun ɓata fiye da awa ɗaya a neman hanya kawai.

Dije sunan matar. Na same ta kwance a tabarma cikin bukka, leɓɓanta sun yi fari, idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa. Jaririn yana hannun wata tsohuwa. Hajiya Asabe tana durƙushe ta danne mata mara da hannu biyu, kuma haka take tun da wayar ta ɗauke. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kun zo?" Nas ta sa wa Dije ƙarin ruwa, muka ɗauke ta. Har muka iso Azare Hajiya ba ta ɗauke hannunta daga marar nan ba.

A babban asibiti aka shiga da ita da sauri. Mijinta da ƙannensa biyu da suka biyo mu a babur suka ba da jini. Likita ya fito ya ce an ciro mabiyiyar, jinin ya tsaya, amma ta yi asarar jini mai yawa, ba zai iya cewa komai ba sai an ga kwana biyu.

Muna zaune a benci Hajiya Asabe ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wayar. An ɗaure murfin da roba. Na cire robar, murfin ya yi tsalle da kansa. Batirin ya kumbura kamar fanke.

"Jiya da la'asar na cire ta daga caji," in ji ta. "A cike take, 'yata. Kira ɗaya na yi."

Washegari Alhaji Modu ya kira ni ofishinsa. Batirin yana kan teburinsa.

"Wa ya kawo shawarar sayen cajar nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa hannu cewa lafiyarta lau?"

"Ni ce."

"Kafin cajar nan ta zo, an taɓa samun batir ya kumbura?"

"A'a."

Ya miƙo mini takardar neman bahasi. Ga waɗanda ba su taɓa ganinta ba, kuma ina roƙon Allah kada ku gan ta, takarda ce da shugaba yake ba ma'aikaci yana neman ya yi bayani a rubuce me ya sa ba za a hukunta shi ba. Amsar da ka bayar tana shiga fayil ɗinka, kuma daga ita ake yanke ko gargaɗi, ko dakatarwa, ko sallama. Ya ce in kawo amsa ranar Litinin. Ya ce kuma zai aika a tattaro cajojin duka a dawo da su sito, in ta tabbata jabu ne, mai shagon zai yi bayani a wajen 'yan sanda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka karɓe su yau, kafin jibi wayoyi goma sha biyu sun mutu. A bar su zuwa Litinin, in je in gano abin da ke faruwa."

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Zuwa Litinin. Amma idan wata waya ta sake ɗaukewa a hannun unguwarzoma kafin nan, ke za ki je ki yi wa dangin matar bayani."

Na fito ina lissafi. In an bar cajojin, ina tsoron su ne ke kashe batir. In an karɓe su, babu caji gaba ɗaya. Kowace hanya na duba, mace nake gani a tabarma. Duk lokacin da wayar gaggawa ta yi ƙara a ranar, ko ba a hannuna take ba, sai na miƙe tsaye.

Malam Sabo, mai kula da fayiloli, ya same ni a sito. Ya rage murya ya ce, "Malama Rakiya, kada ki wahalar da kanki. Ki rubuta ɗan kasuwa ya ba ki jabu, ke ba injiniya ba ce. Kowa zai yarda. Layi uku ya isa."

Da la'asar na tari acaɓa na tafi shagon Oga Chidi.

Oga Chidi mutumin kudu ne, amma ya fi shekara ashirin a Azare, 'ya'yansa ma Hausa ta fi zama a bakinsu. Na ajiye masa batirin da na karɓo daga teburin Alhaji Modu na gaya masa komai, har da maganar 'yan sanda. Fuskarsa ta canza. Ya ɗora batirin a kan gilashin kanta ya murza shi da yatsa, ya yi ta juyi kamar katantanwa.

"Mai lafiya ba ya juyi haka," in ji shi. "Wannan ya gama."

"Cajarka ce ta kashe shi?"

"Madam, ban sani ba. In na ce miki a'a yanzu, ƙarya na yi. Abu uku na sani yana kashe batir. Tsufa, caja marar kyau, da zafi. Waɗannan ba su kai tsufa ba. Sai na ga cajojin da idona." Sannan ya ce, "Gobe ki kai ni. Zan rufe shago."

Na nemi izinin mota, aka ba ni. Ranar Juma'a da sassafe muka fita, ni da shi da Malam Buba. Oga Chidi ya ɗauko mitarsa, wata 'yar na'ura mai allura da ke nuna ƙarfin wutar da caja take fitarwa.

Asibitin farko na Malama Fanta ne, ta wajen Giade. Cajarta tana kan rufi ita kaɗai, wayar kuma tana aljihun rigarta. Oga Chidi ya buɗe wayar, batirin lafiya lau, shafal kamar sabo. Ya gwada cajar, allurar ta tsaya inda ya kamata. Ina shirin yin hamdala sai na ga Malama Fanta tana ta sunkuyar da kai.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji ta. "Ban bi yadda kika koya mana ba. In wayar tana kan rufi ba na jin ƙararta, ga yara kuma. Shi ya sa nake barin cajar ta sha rana ita kaɗai, in sauko da ita da la'asar in jona a ɗaki."

Na ce, "Yadda na koya muku? Yaya na koya muku?"

"Ai kin ce a haɗa su a ajiye a rana."

Ranar horon ta dawo mini gaba ɗaya. Safiya ce mai sanyi, muna tsaye a harabar ofis. Ina so su ga alamar caji tana motsi da idonsu, don haka na jona waya da cajar, na ɗora su tare a kan bonet ɗin mota cikin rana. Da alamar ta fara hawa suka yi ta murna. Ni kuma na ce, "To haka za ku riƙa yi kullum." Akwai 'yar takarda a cikin kowane kwali. Hotunan na kalla, ban karanta ƙananan rubutun ba.

Oga Chidi ya dube ni.

Asibiti na uku muka isa gab da azahar, rana tana tsakiyar ka. Tun daga nesa na hango su a kan kwanon baranda, caja da waya a jone, an danne igiyar da dutse don kada iska ta ja. Oga Chidi ya taka benci ya kai hannu, ya janye da sauri yana yarfe yatsu. Sai da ya sa hankici ya sauko da wayar. Ya miƙo mini ya ce, "Madam, taɓa."

Ban iya riƙe ta ba. Kamar murfin tukunya a kan murhu.

"Cajar an yi ta don rana," in ji shi. "Waya ba a yi ta don rana ba. Batir da kansa yana ɗaukar ɗumi in yana shan caji. Ki ƙara masa ranar Azare, ki ƙara masa kwano a ƙarƙashi, kullum kullum har wata uku. Ko a wutar gida kika jona ta a irin wannan zafi, haka za ta yi."

Ya gwada cajar. Lafiyarta ƙalau. Batirin kuwa ya fara tasowa.

Muka tsaya Malam Buba ya yi sallar Juma'a a wani gari a hanya, muka ci gaba. Ranar Asabar muka ƙarasa sauran. Duk inda muka je ina gaya musu su raba waya da rana tun daga ranar, amma ban tsaya na yi dogon bayani ba, kunya ba ta bar ni ba. Abin da muka gani bai da wuyar fahimta. Duk wadda ta bi abin da na koya mata, batirinta ya kumbura ko ya kama hanya. Duk wadda ta saɓa, don tsoron ɓarayi ko yara ko don hannunta ba ya kai rufi, wayarta lafiya lau. Wuri ɗaya ne ya fita daban. A can unguwarzomar a ɗaki take caji, amma batirinta ya lalace. Da Oga Chidi ya sa mita a cajarta, allurar ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Ya sake gwadawa, ta sake wucewa.

"Wannan ba ta da kyau," in ji shi. "Wuta take turawa fiye da kima. Wannan laifina ne."

Tudun Marke ne na ƙarshe. Hajiya Asabe ta dawo, tana amfani da wata waya da muka ba ta aro. Cajarta lafiya lau. Na tambaye ta yadda take caji, ko da yake na riga na san amsar.

"Yadda kika nuna mana, 'yata. Tun hantsi har la'asar suna kan rufi tare. Rana ɗaya ban taɓa saɓawa ba."

Muka kama hanyar komawa Azare. Caja marar kyau ɗin tana cikin jakata, kuma na san abin da take nufi. Hujja ce ta gaskiya. In na ajiye ta ita kaɗai a gaban Alhaji Modu, aka sa mita aka gani, magana ta ƙare, babu wanda zai tambayi sauran. Oga Chidi ma ya san haka. Muna shigowa gari ya juyo daga kujerar gaba.

"Madam, me za ki rubuta?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ɗaya tawa ce, ban musa ba, zan canza ta. Amma in aka ce Chidi jabu yake sayarwa har mace ta kusa mutuwa, na gama a garin nan. A nan na haifi yarana. Ba ni da wani wurin komawa."

Na ce masa na ji.

Ranar Lahadi na zauna da takarda tun safe. Na rubuta amsa irin ta Malam Sabo, gajeriya, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, an dai bar abin da aka bari. Na karanta ta, na ninke. Ina da yara uku a lokacin, maigidana kuma bai daɗe da tashi daga doguwar jinya ba. In aka sallame ni ban san inda za mu dosa ba. Abinci ma ban iya ci ba.

Bayan azahar na tafi asibiti duba Dije. Tun Laraba nake tsoron zuwa, kullum sai dai in tambayi nas. Na same ta zaune an jingina ta da filo tana kurɓar kunu, jaririn yana gefenta. Har yanzu fuskarta fayau, amma ta gane ni. Mijinta ya tashi daga tabarma ya durƙusa yana ta godiya da Hausarsa mai gauraye da Fulatanci, wai ni na kawo mota na ceci matarsa. Ya ce a wajen suna za su so in zo. Na amsa masa a tsaye. Na fita na zauna a bencin da Hajiya Asabe ta miƙo mini wayar, na yi kuka mai isata.

Da na koma gida na yaga amsar farkon na rubuta wata. Shafi biyu. Na jera asibitocin goma sha biyu da abin da muka samu a kowanne. Na rubuta cewa caja ɗaya ce marar kyau. Na rubuta cewa sauran baturan da suka kumbura zafi ne ya lalata su, kuma ni na koyar da a ɗora waya a rana, ban karanta takardar cikin kwali ba, sannan da ƙorafi ya zo ban bi shi a kan lokaci ba.

Ranar Litinin Alhaji Modu ya karanta ina tsaye. Ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Kin san abin da takardar nan za ta jawo miki?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Takardar cikin kwalin, me ta ce?"

Na ciro ta na nuna masa. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta kada a bar waya cikin rana ko wuri mai zafi lokacin caji. Ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya goge ido.

"Ni ma na sa hannu a kan sayen nan," in ji shi. "Ni ma ban karanta ba."

Wannan bai hana hukunci ba. An sa mini takardar gargaɗi a fayil, ƙarin girman da nake jira ya koma baya da shekara guda. Amma ba a sallame ni ba, ba a kai Oga Chidi ko'ina ba, cajojin kuma suka ci gaba da aiki. Oga Chidi ya canza marar kyau ɗin, aka sa wa wayoyin sababbin batura. Daga ranar aka kafa ka'idar da har yanzu kuke bi, cewa duk wata sabuwar na'ura sai jami'in sito ya karanta takardarta ya yi amfani da ita mako guda kafin ta fita. Alhaji Modu ya ƙara da cewa in koma asibitocin ɗaya bayan ɗaya in sake koyarwa, in kuma faɗa musu da bakina daga ina kuskuren ya fito.

Tudun Marke na fi jin nauyin zuwa. Na zauna a gaban Hajiya Asabe na ce, "Hajiya, wayarki ba cajar ce ta kashe ta ba. Ni ce. Abin da na koya muku ba daidai ba ne, kuma ke da kika fi kowa bin maganata ke kika fi cutuwa. Ki yafe mini."

Ta kalli hannayenta. Na zaci faɗa za ta yi, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi.

"Ranar nan," in ji ta, "ina danne da yarinyar nan ina ta tunanin ko ni ce ban iya caji ba. Na ce tsufa ya sa na ɓata kayan mutane." Ta ɗago ta dube ni. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Gara da kika faɗa. Da cewa kika yi laifin mai shago ne, da na yarda da ke, a kawo mini wata cajar in mayar da sabuwar wayar kan rufi."

Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta faɗa. Duk kwanakin nan ina auna aikina da shagon Oga Chidi, na manta cewa bazara za ta sake zagayowa, da wata Dije a wata ruga.

Wayoyin nan sun yi shekara biyu da cajar rana bayan haka, ba a sake samun batirin da ya kumbura ba. Don haka idan an tambaye ku ko cajar tafi-da-gidanka tana rage wa batir kwana, abin da na gani ke nan. Marar kyau tana yi, shi ya sa ake gwadawa kafin a raba. Mai kyau ba ta yi, sai in an haɗa ta da zafi. Amma abin da na fi so ku riƙe ba na batir ba ne. Mutanen da muke kai wa kaya a ƙauye ba takardar kwali suke karantawa ba, hannunmu suke kallo. Abin da ka yi sau ɗaya a gabansu cikin gaggawa, mafi amana a cikinsu za ta yi shi kullum har sai ranar da ka koma ka ce mata ka yi kuskure.